Binciken Wurin Aiki Kafin Karɓar Takardar Ɗauka: Darasi Daga Lafiya

Babu ɗan kasuwar da zai biya kuɗin buhun riɗi a Doma bai zura hannu ya ga ƙwayar ba, haka nan babu uban da zai ba da auren 'yarsa bai aika an binciko masa asalin manemin da sana'arsa ba. Abin mamaki shi ne, matashin da ya fito sayar da lokacinsa da ƙarfinsa da iliminsa yakan miƙa su ga kamfanin da bai san kome game da shi ba, in ban da sunan da ya karanta a jikin allo. Wannan shi ne cinikin biri a sama, kuma asararsa ba ta tsayawa kan matashin kaɗai, domin iyaye da iyayen gida da suka yi ɗawainiyar karatunsa, ko suka sa hannu suka tsaya masa, su ma tana shafarsu.

Tun daga ranar 1 ga Oktoba, 1996, da gwamnatin Janar Sani Abacha ta cire Jihar Nasarawa daga Filato ta mai da Lafiya babban birninta, garin ya zama matattarar masu neman aiki. Jami'ar Tarayya ta Lafiya da aka kafa a 2011, da kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha wadda ake kira da sunan marigayi Sarki Isa Mustapha Agwai na Ɗaya, da jami'ar jiha da ke Kefi, duk shekara suna yaye ɗalibai, alhali ma'aikatun gwamnati ba su iya ɗaukar ko kusa da yawansu. Saura sai su fuskanci masu zaman kansu. Akwai manya irin su gonar shinkafa da injin casa na kamfanin Olam a Rukubi ta ƙaramar hukumar Doma, wanda aka buɗe a 2014, da aikin rake na kamfanin sukari na Dangote a Tunga ta ƙaramar hukumar Awe, da masana'antar sarrafa ma'adinin litiyam da aka buɗe a ƙaramar hukumar Nasarawa a 2024. Amma mafi yawan guraben suna hannun ƙanana ne: makarantun kuɗi, da asibitocin kuɗi, da otal-otal, da gidajen mai, da injinan casa, da ƙananan bankuna. A nan ne binciken ya fi wuya, a nan ne kuma ya fi muhimmanci.

Masana tattalin arziki sun daɗe da lura da wannan matsala. A 1962 George Stigler na Jami'ar Shikago ya yi rubutu kan yadda bayani yake da tsada a kasuwar ƙwadago, ya nuna cewa mai neman aiki yana kashe kuɗi da lokaci wajen sanin wane ne ke biyan nawa, kuma ya dace ya ci gaba da nema muddin amfanin ƙarin binciken ya fi abin da ake kashewa a kansa. A 1970 George Akerlof ya kawo misalin kasuwar tsofaffin motoci, inda mai sayarwa ya san aibin motarsa, mai saye bai sani ba. Da yake mai saye yana tsoron a cuce shi, sai ya riƙa taya kowace mota da arha, masu motocin kirki su janye, kasuwa ta cika da ruɓaɓɓu. Haka lamarin yake a wajen ɗaukar ma'aikata. Mai kamfani ya san ko zai iya biyan albashin watan gobe, ya san dalilin da ya sa wanda ke kan kujerar ya tafi, mai neman aiki kuwa bai san ko ɗaya ba. Idan masu danne albashi suka yi yawa a gari, ƙwararru sai su daina amincewa da kowa, su nufi Abuja, ɗan kasuwar kirki ya rasa akawun da zai riƙe masa littafi. Saboda haka batun ya shafi mai ɗauka kamar yadda ya shafi wanda ake ɗauka.

Tambayar farko ita ce ko wurin yana nan a idon doka. Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, wadda aka kafa a 1990, tana da shafin bincike a intanet wanda kowa zai iya sa sunan kamfani ya ga lambar rajistarsa da ranar da aka yi masa rajista, da kuma ko yana cikin masu miƙa bayanansu na shekara-shekara. Lambar da ta fara da RC ta kamfani ce, wadda ta fara da BN kuwa ta sunan kasuwanci ce kawai, kuma bambancin ba ƙarami ba ne. Kamfani mutum ne mai zaman kansa a wajen doka, idan ya karye dukiyarsa ce ake bi, ba gidan mai shi ba. Sunan kasuwanci kuwa shi da mai shi abu ɗaya ne, bashin albashi yana kan wuyansa. Tun da aka sabunta dokar kamfanoni a 2020, mutum ɗaya yana iya kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai, don haka ganin takardar rajista ba ya nuna girma ko ƙarfin jari. Abin da take tabbatarwa shi ne akwai wanda za a iya kai ƙara. Kamfanin da ke cewa ya shekara 20 yana aiki, amma rajistarsa ta bara ce, yana da bayanin da ya kamata ya yi.

Akwai wani abu da matasa da yawa ba su lura da shi sai ranar da rigima ta tashi. Sunan da ke bakin ƙofar masana'anta daban, sunan da ke kan takardar ɗauka daban. Manyan kamfanoni da bankuna sukan ba wasu 'yan kwangila aikin samo musu ma'aikata, ta yadda mutum zai shekara biyar yana sa rigar kamfani, alhali a rubuce shi ma'aikacin ɗan kwangila ne, albashinsa bai kai na abokin zamansa ba, kuma ranar da kwangilar ta ƙare aikinsa ya ƙare. Wanda sunansa ke kan takarda shi ne ubangida, shi ne kuma ya cancanci a bincika. Irin waɗannan dillalan ƙwadago doka ta wajabta musu mallakar lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, kuma ba laifi ba ne a nemi ganinsa.

Wasu sana'o'in rajistar CAC ba ta wadatar da su. Mai karɓar ajiyar kuɗin jama'a sai da lasisin Babban Bankin Nijeriya, kuma hukumar inshorar ajiya ta NDIC tana wallafa sunayen bankunan da ke ƙarƙashin kariyarta. Mai haƙar ma'adini, ko a Azara yake ko a Nasarawa, sai da izini daga ofishin rajistar filayen ma'adinai na tarayya bisa dokar 2007. Wanda ya karɓi aiki a ramin da ba shi da izini, ranar da jami'an tsaro suka zo shi za su tarar a wurin, mai ramin yana birni. Shi kansa lasisin ba ya hana faɗuwa. A watan Janairun 1998 an soke lasisin bankuna 26 a rana ɗaya, a 2005 aka haɗe bankuna 89 suka koma 25, a watan Mayun 2023 aka soke na ƙananan bankuna sama da 100, a watan Yunin 2024 kuma aka rufe bankin Heritage. A kowane karo ma'aikata da yawa sun wayi gari babu aiki.

Wannan ya kawo tambaya ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi: shin wurin yana da ƙarfin biya? Kamfanonin da ke cikin kasuwar hannun jari dole ne su buga lissafinsu na shekara, kuma kowa yana iya karantawa kyauta. Kamfanin sukari na Dangote yana cikin kasuwar hannun jari ta Legas tun 2007, Olam kuwa, wanda ya fara da fitar da cashew daga Nijeriya a 1989, a kasuwar Singapo yake. Ba sai mutum ya zama akanta ba kafin ya amfana da irin wannan rahoto. Ya dubi cinikin shekara uku a jere ya ga hawa yake ko sauka, ya dubi yawan bashi da kuɗin ruwan da ake biya a kansa, ya dubi adadin ma'aikata na bana da na bara, domin akan rubuta shi, sa'an nan ya karanta ra'ayin masu binciken kuɗi, musamman idan sun nuna shakku kan ko kamfanin zai iya ci gaba da aiki. Girma ba ya ba da tabbaci. Masaƙar Kaduna ta KTL da ta fara aiki a 1957 ta rufe a 2002, kuma ma'aikatanta sun shafe shekaru suna bin haƙƙoƙinsu. Ko aikin gwamnati da ake yi wa kallon tudun mun tsira, a 2015 sai da gwamnatin tarayya ta ba jihohi da dama lamuni kafin su biya bashin albashi.

To amma makarantar kuɗi da ke Bukan Sidi ko injin casa da ke Shabu ba su buga rahoton shekara. A nan sai a koma ga irin binciken da 'yan kasuwa suka gada, wanda ba ya buƙatar kwamfuta. Mai sayar da abinci a bakin ƙofar ma'aikata ta san ranar da ake biyan albashi fiye da kowa, domin ranar ce ake biyan ta bashin wata, kuma idan aka yi wata biyu ba a biya ba ita ce farkon mai ji a jikinta. 'Yan acaɓa da masu Keke Napep da ke tsayawa a wurin sun san ko ma'aikatan suna daɗewa ko kullum sababbin fuskoki ne. Dillalin da ke kai wa injin shanshera ya san ko ana biyan kuɗin kaya hannu da hannu ko sai an yi ta sintiri, mai kawo man gas ya san kwana nawa injin ke tashi a mako. Wanda ke wasa da kuɗin manoma da dillalai, waɗanda za su iya juya motarsu zuwa wani injin gobe, ba a sa ran zai girmama albashin yaron da ba shi da wurin zuwa. Ya kamata kuma mai neman aiki ya je wurin da kansa a ranar da ba a gayyace shi ba, domin gani ya kori ji: ko akwai kaya a sito, ko motoci suna shiga suna fita, ko masu gadi suna da kayan aiki, ko ma'aikatan injin suna da abin rufe hanci. A makaranta kuwa, yawan ɗalibai a aji da kuɗin zango sun isa a ƙiyasta ko abin da ke shigowa zai ɗauki albashin malamai, har da watannin hutu, waɗanda makarantu da dama ba su biya.

Mafi amfanin shaida shi ne tsohon ma'aikaci. Wanda ke ciki yana tsoron bakinsa, wanda ya fita ba shi da abin tsoro, ko da yake shi ma a yi hattara da shi, domin wanda aka kora kan laifi ba zai faɗi alheri ba. Maganin wannan shi ne a ji daga mutum uku da ba su san juna ba. Masanin zamantakewa Mark Granovetter ya nuna a binciken da ya wallafa a 1973 da 1974 cewa labarin aiki ya fi zuwa ta bakin waɗanda aka sani sama-sama, ba ta 'yan uwa na kusa ba, saboda na kusa abin da mutum ya sani shi suka sani. A Lafiya wannan yana nufin abokin karatu na da, da maƙwabcin sahu a masallaci ko coci, da ɗan ƙungiyar 'yan kasuwa. Idan kuwa wurin ɗan kasuwa ne za a kai yaro bisa tsarin ubangida da yaronsa, tambaya ɗaya ta wadatar: yara nawa ya sallama da jari, kuma ina shagunansu? Attajirin da ya shekara 30 a kasuwa ba a iya nuna ko ɗaya, amsar ta fito.

A jihar da arzikinta ya dogara kan noma, dole a tambayi ko aikin na shekara ne ko na kaka. Injin da ke aiki dare da rana daga Nuwamba zuwa Fabrairu yana iya yin shiru da damina, kuma mai ɗauka ba kullum yake faɗa ba. Dokar mafi ƙarancin albashi, wadda ta sa Naira 30,000 a 2019 aka ɗaga zuwa Naira 70,000 a watan Yulin 2024, ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta kuma shafi aikin gona na lokaci-lokaci, ko aikin kamasho, ko na jinga ba. Ke nan yawancin ƙananan wuraren aiki na Lafiya suna waje da ita, kuma abin da aka rubuta a yarjejeniya shi ne kaɗai madogara.

Dokar Ƙwadago ta 1974 ta wajabta wa mai ɗauka ya ba ma'aikaci rubutacciyar takarda cikin wata uku da fara aiki, mai ɗauke da sunan ubangida, da irin aikin, da albashi da lokacin biyansa, da awoyin aiki, da hutu, da wa'adin sallama. Ta ƙayyade wa'adin: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya daga nan zuwa shekara biyu, mako biyu zuwa shekara biyar, wata ɗaya ga wanda ya kai shekara biyar ko fiye. Ta kuma ba da hutun aƙalla kwana shida na aiki da albashi bayan wata 12. Sai dai dokar ta fi karkata ga leburori da ƙananan ma'aikatan ofis. Manaja ko injiniya ko likita, takardarsa ce ke magana a gaban Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ta hurumin irin waɗannan shari'o'i. Mai ɗaukan da ya ce a fara tukuna takarda za ta biyo baya, har wata uku ya wuce, ya riga ya nuna halinsa.

Fansho kuwa shi ne ma'aunin da ya fi sauƙin dubawa. Bisa dokar 2014, kamfani mai ma'aikata 15 ko fiye zai cire kashi 8 cikin 100 daga albashi, ya ƙara nasa kashi 10 cikin 100, ya zuba a asusun ma'aikaci cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi, ya kuma yi masa inshorar rai da ta kai ninki uku na albashinsa na shekara. Hukumar fansho ta PenCom tana wallafa sunayen kamfanonin da ta ba takardar shaidar cika wannan sharaɗi. Akwai masu cirewa ba su zubawa, kuma hanyar gane su ita ce a tambayi ma'aikacin wurin ko saƙon shigar kuɗi yana zuwa wayarsa kowane wata. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ita ma ta sa mai ɗauka ya biya asusun NSITF kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi, domin wanda inji ya cinye wa yatsa ko rami ya rufta da shi. Ga mai shirin aiki a masana'anta ko wurin haƙar ma'adini, wannan tambaya ta fi ta albashi gaggawa.

Bayan an tara bayani sai lissafi. A ƙaddara wurare biyu sun yi tayi: na farko Naira 100,000 a wata, amma bincike ya nuna wata tara yake biya a shekara, na biyu Naira 80,000 ba fashi, tare da fansho. Na farko ya tashi Naira 900,000 a shekara, wato 75,000 a wata. Na biyu ya tashi 960,000, ga kuma Naira 96,000 da ubangida zai zuba a asusun fansho idan an lissafa kason a kan dukan albashin. Jinkiri ma asara ce. A watan Disambar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sa hauhawar farashi a kashi 34.8 cikin 100, ma'ana Naira 100,000 da aka riƙe wa mutum shekara guda, ranar da aka ba shi ba za ta sayi fiye da abin da 74,000 ke saya a da ba. Mai riƙe albashi rance yake ci daga ma'aikacinsa ba tare da izini ba. Haka nan wanda aka yi wa tayi a Abuja ya cire kuɗin haya a Mararraba ko Masaka, da kuɗin motar kullum, wanda ya yi tsalle tun bayan janye tallafin mai a watan Mayun 2023, kafin ya kwatanta da albashin Lafiya.

Game da 'yan damfara ba a buƙatar dogon bayani. Mai ɗaukan gaskiya shi ke biya, ba shi ake biya ba. Duk inda aka nemi kuɗin fom, ko na horo, ko na gurbi, a tura asusun wani mutum, to a tsaya. Ba a manta da ranar 15 ga Maris, 2014 ba, lokacin da dubban ɗaruruwan matasa da suka biya Naira 1,000 kowannensu suka yi cincirindo don jarrabawar shiga hukumar shige da fice, aka rasa rayuka a turmutsutsu a Abuja da wasu garuruwa. A 2023 kuma wani kwamitin Majalisar Wakilai ya saurari shaidu kan sayar da guraben aiki a hukumomin tarayya. Ba a barin asalin takardun makaranta a hannun mai ɗauka. Ganawar da aka sa a wani lungu, ko aka ce a zo shi kaɗai kada a gaya wa kowa, ba a zuwa. Aikin ƙasashen waje, musamman aikatau a ƙasashen Larabawa, a tuntuɓi Ma'aikatar Ƙwadago ko hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane kafin a miƙa fasfo.

Za a iya cewa wanda ya shekara uku yana zaman kashe wando ba shi da zaɓi, duk abin da ya samu sai ya kama. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba a ce kowa ya ƙi aiki don ya ga aibi ba. Amma wanda ya shiga da sani yakan shiga da shiri: ba zai saki sana'ar hannunsa gaba ɗaya ba, ba zai ci bashin haya bisa albashin da bai tabbata ba, zai nemi a rubuta masa abin da aka yi alkawari, kuma zai ci gaba da nema. Kuɗin binciken duka bai wuce na kati da na mota zuwa wurin sau biyu ba. Yana kuma da wani amfani a ranar ganawa, domin matashin da ya san abin da kamfani ke sarrafawa, da inda yake sayen kaya, da waɗanda ke gasa da shi, ya bambanta da mai cewa kowane aiki aka ba shi zai yi.

Ga 'yan kasuwa masu ɗaukan ma'aikata kuwa, sabunta bayanan shekara a CAC, da ba da takardar ɗauka a makon farko, da tsayar da ranar biya guda wadda ba ta motsi, su ne abubuwan da mai bincike zai fara cin karo da su. Wanda aka roƙa ya tsaya wa yaro a wani kamfani, ya karanta takardar tsayawar kafin ya sa hannu, domin da yawa daga cikinsu suna ɗora masa biyan duk abin da ya ɓace a hannun yaron ba tare da an sa iyaka ba, kuma yana da damar ya nemi a rubuta adadin da ba zai wuce ba da kuma wa'adin da tsayawar za ta ƙare.